Gida Ɗaya, Rufi Biyu

Zuba-Ruwa ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Kafintan rufi ne, ya haura shekara arba'in yana hawa saman gidajen mutane, amma bai taɓa buga ƙusar ƙarshe ya sauko ya ce an gama ba. Sai ya sa a cika masa bokiti, ya ja shi sama da igiya, ya tura mai gida cikin ɗaki ya ce ya ɗaga kai ya zuba ido, shi kuwa ya bi kwanon layi-layi yana kwarara ruwa. Ko ɗigo ɗaya ya sauka, a ranar zai ɓalle wurin ya sake. Masu gida da yawa sun roƙe shi ya bari, suka ce sun yarda da aikinsa. Ya ce musu yardarsu ba za ta tare ruwan sama ba, su dai shiga ciki su duba.

Ba mugu ba ne, amma zama da shi sai mai haƙuri. Ba ya iya minti goma a wuri ɗaya. In ya je gaisuwa gidan wani, bakinsa na tambayar lafiyar iyali, idonsa na kan silin, kuma kafin ya tashi sai ya gaya wa mai gidan inda zai fara yoyo bana. A majami'a ma haka. Wurinsa benci na uku ta gefen taga, yana sauraron wa'azi da kunne ɗaya, yana ƙirga tabon ruwa a sama da ido biyu. Bangaskiyarsa dai ba ta taɓa ba shi wahala ba. In Littafi Mai Tsarki ya ce abu kaza ya faru, to ya faru, kamar yadda in tef ɗin awonsa ya ce ƙafa goma sha biyu, ƙafa goma sha biyun ne.

Wanda ya san yarintarsa ba zai yi mamakin halinsa ba. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya rasu, ya koma hannun wani kawunsa wanda bai taɓa hana shi abinci ba, bai kuma taɓa ba shi loma ɗaya ba tare da ya tuna masa ba. Riga in an ɗinka masa, sai duk baƙon da ya shigo ya ji labarinta. Gorin nan ya shiga jikinsa ya zauna. Ranar da ya bar gidan da guduma ɗaya a hannu, ya ƙudurta a ransa cewa ba mahaluƙin da zai sake cewa ya yi masa wani abu, kuma abin haushin shi ne ya cika alkawarin. Katakon da mutum biyu ke ɗagawa, shi kaɗai yake ja da igiya. Waɗanda suka yi aiki tare da shi ba su daɗe ba, don ko ƙusa ka miƙa masa sai ya harare ka kamar ka zage shi.

Mace ɗaya ce ta iya da shi. Ya same ta ne a shagon zare da maɓalli na mahaifinta, ranar da aka kira shi gyaran yoyo. Tana riƙe da roba a ƙarƙashin ɗigon, ta ɗaga murya ta tambaye shi ko a saman zai kwana. Ya sauko da niyyar mayar mata da magana, ya tarar tana dariya, maganar ta ɓace masa. Bayan shekara guda aka yi aure. Ita mai surutu ce da son mutane, shagon da ta gada ya zama mazaunin duk matan layin, a zo sayen allura a tashi bayan awa biyu. 'Yarsu ɗaya tak, ita ce fari ita ce ƙarshe, suna kiranta Auta, shi ya sa kowa ke ce wa uwar Maman Auta. A gaban mutane Maigida take ce masa. In su biyu ne kuma ya fara taurin kan nasa, sai ta kira shi da sunan da gari ya sa masa, ya haɗe rai, ya kuma yi abin da ta ce.

Ɗaki biyu suke haya a saman bene. Shi ya zaɓi gidan, don shi ya buga rufinsa, ya ce ba zai iya barci a ƙarƙashin kwanon da bai san hannun da ya buga shi ba. Matakala goma sha tara ce, ga ƙunci, ga kwana a tsakiya inda ko katifa sai an lanƙwasa ta take wucewa. Shekara ashirin suna hawa suna sauka ba wanda ya damu. Sai ranar da hawan jini ya kayar da Maman Auta a bakin shagonta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, maganar nan da ke zuba kamar an buɗe famfo ta koma kalma ɗaya-ɗaya, kowace sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

Da aka sallame ta daga asibiti, goya ta ya yi ya hau da ita, mutane na tsaye a ƙasa suna miƙo hannu, yana cewa a ba shi hanya. Sau biyu ya sauko da ita haka don ganin likita. A na uku, daidai kwanar nan, bayansa ya riƙe, gwiwarsa ta sage, saura ƙiris su gangara tare. Daga ranar bai sake gwadawa ba, bai kuma bar kowa ya gwada ba. Telan da ke da shago a ƙasan benen ya ce a kira shi ko yaushe, Zuba-Ruwa ya yi masa irin godiyar nan da ke rufe ƙofa. Matan ikkilisiya suka zo, ya tare su a bakin matakala ya ce tana bukatar hutu. Mijin Auta, malamin makaranta, ya kawo keken guragu, keken ya zama wurin rataya tawul. Ƙanenta kuwa, mai facin taya a bakin titi, wanda ita ta raine shi, bai iya lallashi ba. Ya zo ya ce a mayar da ita gidansa da ba shi da bene, ta riƙa ganin mutane. Magana ta yi zafi, har ya ce, "Yaya, ba jinya kake yi ba, ɗaure ta ka yi." Zuba-Ruwa ya nuna masa matakala ya ce ya sauka, kada ya ƙara hawowa. Auta kaɗai aka bar wa izinin shiga, Laraba da Asabar, ranakun da uban ke fita ɗan aiki.

A ba shi nasa, jinyar da gaske ya yi ta. Shi ke yi mata wanka, shi ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo, shi ya koyi dafa abin da za ta iya haɗiya, ya ƙona tukunya uku kafin ya iya. Amma wata goma sha ɗaya aka yi, matar da ta saba da hayaniyar kasuwa ba ta ganin komai sai silin da bango da fuskar mijinta. Abu ɗaya ya rage da take jira, karatun safe. In ya gama gyara ta ya ajiye shayi, sai ya buɗe Bishara ta biyu cikin Littafi Mai Tsarki ya karanta mata labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka ɗauko a kan shimfiɗarsa za su kai shi wurin Ubangiji, a gidan da yake koyar da mutane. Suka tarar gida ya cika har bakin ƙofa, suka hau sama, suka tona rufi, suka zuro shi ta ramin, daga baya ya tashi ya naɗe shimfiɗarsa ya fita da ƙafarsa. Kullum wannan labarin. In ya buɗe wani wuri sai ta buga katifa da hannun hagu. In ya karanta shi kuwa, ta sha shayinta, ta ci abin da aka ba ta. Shi a ganinsa ƙarshen take jira, wurin da mutumin ya miƙe, don haka in ya zo nan sai ya ɗaga murya, zuciyarsa na yi masa ciwo.

Auta ce ta jawo fitinar ba da saninta ba. Ta ga uban yana kai tsohon littafinsa har bakin hanci, ta sayo masa sabo mai manyan haruffa. A gefen shafin akwai 'yan lambobi da ke nuna inda labari ya sake fitowa. Da wani ne da ya wuce su, amma Zuba-Ruwa bai taɓa ganin lamba ya ƙi binta ba. Ya buɗe Bishara ta uku. Ga labarin, ga taron, ga shanyayyen, sai dai a nan ba tona rufi aka yi ba, tayil aka ɗaga, irin fale-falen gasasshen yumɓun nan da ake jerawa. Ya koma baya ya sake dubawa. Ya ƙara bin lamba zuwa Bishara ta fari, a can kuma ko maganar rufin babu, kawo mutumin kawai aka yi. Sau nawa aka karanta waɗannan wurare a gabansa a majami'a, Allah kaɗai ya sani, amma lokacin idonsa na kan silin.

Ga wani mutum wannan ba abin da zai hana shi cin abinci ba ne. Ga kafintan rufi kuwa, rufin ƙasa daban, rufin tayil daban. Katakonsu ba ɗaya ba, gangarensu ba ɗaya ba, ba a kuma buɗe su da kayan aiki iri ɗaya. Gida ɗaya ba ya zama da rufi biyu a rana ɗaya. Ko dai ɗaya daga cikin marubutan bai ga gidan ba, ko dukansu ba su gani ba. In kuwa ba su ga rufin ba, wa ya tabbatar masa sun ga mutumin ya tashi?

Washegari, ranar Juma'a, ya buɗe littafin ya kalli shafin, bakinsa ya ƙi buɗuwa. Shi da bai taɓa miƙa wa mai lafiya rufin da bai gwada ba, yaya zai miƙa wa mara lafiya labarin da yake zargi? Ya karanta mata Zabura. Ta buga katifa, ya yi kamar bai ji ba. Haka kashegari, haka ranar da ta biyo. A rana ta huɗu ta daina bugawa, ta juya fuskarta bango. Shayi ya riƙa hucewa a kofi. Abinci kuwa cokali biyu, ta rufe baki. Yana ganin wuyan hannunta na ƙara sirancewa, ya san abin da ke faruwa, ya san maganin na nan kan tebur, amma ya kasa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a kan bene mai hawa huɗu. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya dinga kai da kawo tsakanin ɗakunan nan biyu, ya gyara sakatar da ba abin da ya same ta, ya wasa zarton da ya wasa jiya.

Ranar Laraba, maimakon aiki, ya tafi wurin Fasto. Fasto mutumin kirki ne, ya saurare shi har ya gama, ya ce mai yiwuwa rufin na ƙasa ne aka shimfiɗa tayil a kai, kowa ya faɗi ɓangaren da ya gani. Zuba-Ruwa ya tambaye shi ko ya taɓa ɗaga tayil ɗaya ya ji nauyinsa, kuma wane irin katako ne zai ɗauki ƙasa da tayil da ƙarti huɗu da majinyacinsu. Fasto ya yi murmushi ya ce ba kowane abu ake aunawa da tef ba, Baba ya matso su yi addu'a. Suka yi addu'a. Ya fito da tambayarsa yadda ya shiga da ita, sai ƙarin da ya samu na cewa ofishin Fasto zai yi yoyo ta kusurwar gabas.

Daga nan ya wuce makarantar surukinsa, abin da bai taɓa yi ba. Malamin ya ji daɗi an zo neman iliminsa, ya zuba fiye da abin da aka tambaye shi. Ya ce akwai masana da ke ganin an rubuta labaran ne shekaru bayan aukuwarsu, daga bakin mutane, kuma wataƙila marubuci na uku ya sa tayil ne don irin rufin da masu karatunsa suka sani ke nan. Ya ce wannan bai rage komai ba, ma'anar ita ce abin dubawa.

Tsohon ya dube shi ya ce, "Wato ya canja wa mutane rufin gida don ya faranta wa masu karatu."

Malamin ya ce ba haka yake nufi ba.

"To me kuma ya canja?"

"Ban sani ba, Baba. Ba wanda ya sani."

Duk yawon ranar wannan amsar kaɗai ya yarda da ita, kuma ita ta fi damunsa.

Abin da ya yi ranar Asabar, ba mai yinsa sai shi. Akwai wani tsohon ɗakin ajiya mai rufin ƙasa a bayan gari, an ba shi aikin yaye rufin ya sa kwano. Auta na shigowa ya ɗauki kayansa ya fita. Ya shimfiɗa farin buhu a tsakiyar ɗakin, a matsayin wurin da mai koyarwa zai zauna. Ya hau sama, ya auna tsawon mutum a kwance da faɗin tabarma, ya zana da gawayi, ya duba agogo, ya ɗauki dagi ya fara tono. Ƙasar ta shekara da shekaru tana shan rana, dagin sai tsalle yake yi. Awa guda bai huda ba. Da ya huda ya iske kirare, ƙarƙashinsu azara jere kusa da kusa, tazarar da ko akuya ba za ta wuce ba, sai da ya sa zarto ya yanke biyu. Kafin ramin ya kai girman da ya zana, awa uku ta cika. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Buhun ya ɓace a ƙarƙashin ƙasa, ƙura ta cika ɗakin har ba a ganin bango. Ba mai koyarwar da zai zauna awa uku ana zuba masa ƙasa a ka, ba kuma taron da zai tsaya. Tafin hannunsa ya fashe, bayansa ya riƙe, da ƙyar ya sauko tsani. Ya zauna a gindin bango, ya ji wani maraici da rabonsa da irinsa tun gidan kawu.

Ya iso gida rana ta take, fari fat da ƙura har gira. Auta ta dafe ƙirji, ya ce ba komai, ta je ta ɗora masa ruwan wanka. Ya zauna a bakin gadon. Maman Auta ta juyo, karo na farko cikin kwanaki, ta zuba wa hannuwansa ido. Shi ba ya iya ƙarya, sai ya kwashe komai ya gaya mata, lambobin, tayil ɗin, Fasto, malamin, har ramin da ya baro a buɗe. Sannan ya ce, "Maman Auta, ban san ko abin nan ya faru ba. Na gwada, bai yiwu ba. Ba zan zauna ina karanta miki mutum ya tashi, kina sa rai, alhali ni kaina ban tabbata ba."

Ta daɗe tana tattara kalmomi.

"Awa nawa?"

"Uku."

"Da wa?"

"Ni kaɗai mana."

Sai kafaɗarta ta hagu ta fara rawa. Ya zabura, ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ashe dariya ce, ta farko tun faɗuwarta, rabin fuskar na yi, rabin na nan yadda yake. Ta ɗaga hannun hagu ta ware masa yatsu huɗu a gaban hanci.

"Su huɗu ne, Zuba-Ruwa."

Ko a nan halin bai bar shi ba. Ya ce ai Bishara ta biyu kaɗai ta faɗi adadinsu, sauran ba su ce huɗu ba. Ta ce ta sani, shi ya sa ita take so. Daga nan ta shiga magana, kalma na bin kalma da ƙyar, tana hutawa tana komawa, abin da a da za ta faɗa cikin numfashi ɗaya ya ci mata kusan rabin awa. Ta ce ita ba ƙarshen take jira ba. Likita a gabanta ya yi bayani, kunnenta bai shanye ba, ta san ba za ta naɗe shimfiɗa ta fita da ƙafarta ba, kuma ta bar wa Allah wannan. In ya ɗaga murya a wurin, don shi take haƙuri. Abin da take jira farkon ne, inda aka fito da mutumin daga ɗakinsa, mutum huɗu kowa da kusurwarsa, yana jin iska, yana jin hayaniyar titi, suna gardama a kansa kan hanyar da za a bi. Rufin ko na ƙasa ne ko na tayil, ko an yi ko ba a yi ba, ita ba ta wurin. Abin da ta sani, kullum safe in ya karanta, ana fita da ita. Yau kwana tara ya hana ta ko wannan.

Ta numfasa, ta sake dubansa, dariyar ta tafi.

"Kai ke karantawa," ta ce. "Na zaci za ka ji."

Kunya ta rufe shi. Sama da sau ɗari uku labarin ya fita daga bakinsa, yana ɗauka don ita aka rubuta, ashe ita tun farko shi take tura wa. Tambayarsa tana nan ba amsa, har yau bai san irin rufin gidan ba, kuma in aka ja shi da maganar zai yi gardama. Amma ya gane a take cewa mai facin taya gaskiya ya faɗa masa, kuma wannan ba ta bukatar gwaji.

Ya fita baranda ya ƙirga da yatsa. Shi ɗaya, mijin Auta biyu, tela uku. A nan ya tsaya. Ya bi mazan layin ɗaya bayan ɗaya a kansa, yana neman wanda zai cike na huɗu ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Akwai su da yawa, amma ya san wanda ya kamata. Bai yi wankan ba, ya sauka. Sau biyu ya wuce wurin facin ta ɗaya gefen titi kamar mai zuwa wani wuri, har ya tsaya duba rumfar wani mai lemo da ba ruwansa da ita. A na uku ya tsallaka. Ƙanen na durƙushe, ya tsoma robar cikin taya a bahon ruwa yana neman huji. Ya ɗago ya ga tsoho fari da ƙura, hannu duk jini, ya miƙe da sauri, don ya zaci mutuwa aka zo faɗa masa. Zuba-Ruwa ya shiryo doguwar magana tun daga hanya, ta watse gaba ɗaya.

"Yayarka za ta sauko," ya ce. "Ni kaɗai ba zan iya ba."

 Ƙanen ya goge hannu a wando, ya ce wa mai motar da ke jira ya yi haƙuri ya nemi wani wurin.

Da yamma suka taru a ɗakin, maza huɗu da suka rasa inda za su ajiye idonsu. Auta ta ɗaura wa uwar ɗankwalinta mai kyau, aka zaunar da ita a kujerar katako mai hannu, aka ɗaure ƙugunta da zane a jikin kujerar. Tela ya ce a fara da ƙafa, malamin ya ce a littafi da baya ake sauka, ƙanen ya ce kowa ya yi shiru ya kama. Zuba-Ruwa ya kama ƙafar gaba ta hagu. A kwanar suka kankare fentin bango, tela ya taka malamin, malamin ya ba tela haƙuri. Abin da ya girgiza Zuba-Ruwa shi ne rashin nauyin. Ya ɗaure bayansa don nauyin da ya sani, sai ya ji a hannunsa abin da bai fi bokitin ruwa ɗaya ba. Matakala goma sha taran nan ba su ci minti biyar ba. Ya yi lissafin da ba ya so ya yi, wata goma sha ɗaya saboda minti biyar, idonsa ya cika, ya ce ƙura ce.

Suka ajiye ta a bakin shagon tela. Ta rufe ido, rana na kan fuskarta. Mai wanki da ke tsallaken titi ta fara hango ta, ta saki abin da ke hannunta, kafin ka ce me matan layin sun kewaye kujerar. Shi ya ja gefe ya tsaya, bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ƙanen ya matso kusa da shi, bai dube shi ba, ya ce gobe in an tashi daga majami'a zai zo, jibi kuma da yamma, kullum haka. Ba tambaya yake yi ba. Tsohuwar amsar ta taso wa Zuba-Ruwa har maƙogwaro, cewa ba sai an wahala ba, za su ji da kansu. Ya dubi matarsa. Wata ta riƙe mata shanyayyen hannun tana zuba mata labarin shekara guda a dunƙule, ita kuma tana ta ƙoƙarin katse ta. Ya haɗiye amsar da ƙyar.

"To," ya ce. "Ina jiranka."